Motar Ɗana Tana Ƙwanƙwasa, Ni Kaɗai Ke Ji

Ɗan nan mai ba da shawara, don Allah ka taimake ni, kuma da sauri. Kada ka sa takardata a ƙarƙashin ta 'yan matan nan da samari suka daina kira a waya. Su za su iya jira, saurayi ba ya ƙarewa a duniya. Ni abin da ya hana ni sakat ƙarfe ne, ƙarfe kuwa ba ya jiran kowa.

Ni tsohuwa ce, ban yi boko ba. Ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana sai in ɗauka kaji ne suka bi ta wurin. Maƙwabciyata mai ɗinki ce ke karanta mini filinka idan ƙafarta ta gaji da taka keke. Ta nuna mini hotonka, na ga kanka da girma, na ce to, wannan ba za a rasa wani abu a ciki ba. Wannan da kake karantawa matar ɗana ce ke rubutawa, ni ina faɗa. Yarinyar kirki ce, sai dai tana son gyara mini magana. Na ce mata yadda ya fito daga bakina haka za ta zuba shi, in ta sa mini maganar 'yan jarida Allah na ganinta.

Ɗana, autana, Dogo muke ce masa, direba ne. Yana da wata 'yar a-kori-kura da yake dakon kaya da ita, katako, siminti, kwanon rufi, duk abin da aka samu. Da ita muke ci, da ita muke sha. Tsohuwa ce ita ma, ina jin da kaɗan na girme ta. A tsakar gida take kwana, hancinta a jikin tagar ɗakina, shekara da shekaru. Na san muryar motar nan fiye da yadda na san minsharin marigayi mijina, shi kuwa Allah ya jiƙansa, minsharinsa har maƙwabta sun haddace.

To, kwanakin baya ta fara hayaƙi, tana shan baƙin mai kamar mai ƙishirwa, sai aka ce sai an sauke inji. Wa zai sauke? Mijin 'yata, shi ne bakanike. Mai Sifana ake ce masa. Na je garejin da ƙafata na gani, an farke ta an baje kayan cikinta a kwanoni kamar an yanka sa. Na ce yau ni 'yasu, wa zai iya mai da wannan tarkace yadda yake? Ya ce in kwantar da hankalina, ko idonsa a rufe zai haɗa. Ina jin kuwa a rufen ya haɗa. Ke rubuta, ai ba ƙanenki ba ne. Aka canza ringi, aka canza metal, aka canza wane da wane. Ni ban san su ba, na dai ji ana ta ambatonsu kamar wasu manyan baƙi.

Motar ta dawo gida. Hayaƙi ya tafi, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Washegari da sassafe Dogo ya fito ya murɗa makulli. Shi ɗabi'arsa, yana murɗawa rediyo ke tashi da ihu, ya bar ta tana ɗumi, ya ɗauki bokiti ya shige wanka. Ina zaune a bakin gado sai na ji abin. Ba daga sama ba, daga can ƙasan cikinta. Kamar an kulle mutum a cikin durom na ƙarfe yana ƙwanƙwasawa da gaɓar yatsa, a hankali, da ladabi, yana roƙon a buɗe masa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Na matsa jikin taga na kasa kunne. Kafin ruwan shayina ya tafasa sai ya fara ja da baya, ya ja, ya ja, ya yi shiru. Dogo ya fito yana goge kai, mota na ta gurnaninta lafiya lau kamar ba ita ba.

Na faɗa masa. Ya ce sababbin kaya ne, sai sun saba da juna. Na ce in sabo ne me ya kawo duka? Gobe haka, jibi haka. Da na ishe shi ya ɗauke ta ya kai garejin. To kafin ya isa ta yi zafi, ta kama bakinta. Munafuka ce motar nan, a gaban likita ba ta tari. Mai Sifana ya saurara, ya ba ta wuta, ya ce ko sabuwa fil albarka.

Sai suka taru a tsakar gida, shi da 'yata da Dogo da wannan mai rubutun, aka ce wai in kwaikwayi ƙarar da bakina. Ɗan nan, haƙorana na gaba sun daɗe da yin sallama da ni. Na buɗe baki zan yi ƙwas, abin da ya fito sai ka ce agwagwa ta shaƙe. Har 'yar da na haifa sai da ta riƙe ciki ta durƙusa. Tun ranar, in Mai Sifana ya zo gaishe ni, bayan ina kwana sai ya tambaye ni ya mutumin cikin durom, ya samu fitowa? Ga wannan ma tana dariya, alƙalami na rawa. Tashi ki duba tukunyarki, ina jin ƙauri.

Yauwa. Ba wani ƙauri, ni na kore ta, don duk abin da ya shiga kunnenta kafin magariba yana kunnen Dogo. Yanzu na tsallako gidan mai ɗinki, ita ke riƙe da alƙalami. In ka ga rubutun ya karkace ka yi haƙuri, ta fi iya almakashi.

Bari in gaya maka wane ne Mai Sifana. Ba ɓarawo ba ne, ba zan yi masa ƙazafi ba. Yana riƙe da 'yata da mutunci, bai taɓa zuwa gidana hannu rabbana ba. Amma tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa cewa na yi kuskure ba. Ya taɓa gyara mini fanka, ta koma tana hura bango, ni ina gabanta ina zufa. Da na yi magana ya ce haka na zamani suke, bangon ne zai yi sanyi ya turo mini. Irin wannan mutum za ka ce wa aikinsa yana ƙwanƙwasa? Shi kuma Dogo kunya ta ɗaure shi. Mijin yayarsa ne, aikin zumunci ya yi masa, har wasu ayyukan ya ture ya yi nasa. In ya matsa, 'yata za ta kumbura, a ce an raina mata miji. Sai kowa ya ga ya fi sauƙi a ce kunnen tsohuwa ne ya lalace. Ana cewa kunne ya girmi kaka, amma a gidanmu kakar da kunnen duk an mai da su abin wasa.

Akwai wani tsohon direban babbar mota da ya daina tuƙi, yana sayar da gawayi a bakin layinmu. Shi na tambaya a kaikaice, na ce wai wata ƙawata ce motar ɗanta ke haka. Ya ajiye mudunsa ya ce in gaya wa ƙawar tawa ta yi hattara. Ya ce inji in ya buga, wani lokaci ƙarfe ne zai fasa cikinsa ya leƙo waje, mota ta ƙame inda take. In a fili ne da sauƙi. In a kan hawa ne da kaya a baya, ko tana tsakiyar wuce wata motar ga wata ta taho, to sai abin da Allah ya yi. Ɗan nan, tun ranar abinci ya daina yi mini daɗi. Na haifi maza uku, na binne biyu. Wannan da ya rage shi nake so ya binne ni, ba na son a sake juya mini lissafi.

Mai ɗinki ta ce wai in kai a yi wa motar addu'a, ƙila wani abu ne ya shige ta a garejin. Na ce ke ma dai, wane aljani ne zai bar duk motocin masu kuɗi masu sanyi a ciki ya zo ya tare a wannan gwangwanin da ƙofarsa sai da igiya? Addu'a kam ina yi, ba dare ba rana. Amma wannan ƙarar ta hannun mutum ce, kuma na san hannun.

Sauran maganar ba zan faɗa a nan ba, don mai ɗinki bakinta ya fi kekenta gudu. Ta ce wai ba za ta rubuta wannan ba. Ki rubuta mana, ƙarya na yi?

To, yau kwana ya kewayo. Wadda ke rubutu yanzu ma'aikaciyar asibiti ce da ke zuwa auna mini jini. An ce su rantsar da su ake yi, ba sa fitar da sirrin mara lafiya. Na sa ta sake rantsewa a gabana don a tabbata. Ga abin da ban gaya wa kowa ba.

Na zauna na yi tunani. Na ce abin nan da sanyi yake zuwa, da ɗumi yake tafiya. To ai gwiwoyina ma haka suke. Da asuba ƙara suke kamar tsohuwar ƙofa, sai na gasa su sannan su yarda su ɗauke ni. Na ce ashe ciwonmu ɗaya da baiwar Allah. Na fara rufa mata bargona a hanci. Bai yi komai ba, sai dai bargon ya koma warin gareji. Sai na ce ai ciwon a ƙasa yake. Ni ke riga kowa tashi a gidan, ina hura gawayi in ɗora ruwan alwala. Ran nan na ɗebi garwashi a kasko, na durƙusa da ƙyar, na tura shi da sandata ƙarƙashin cikinta, daidai inda mutumin yake ƙwanƙwasawa. Na bar shi ya jima. Da na ji motsin Dogo na jawo abina na shige ɗaki. Ya murɗa makulli. Na kasa kunne. Shiru! Wallahi shiru, sai wani ɗan ƙwas guda ɗaya kamar mai neman gafara. Na zauna a bakin gado na yi kuka don daɗi. Na ce bakanike da sifanarsa ya kasa, tsohuwa da kasko ta gama aiki.

Kullum sai na yi. Mai gawayi har yana tambaya ko baƙi muka yi. Wannan yarinyar ta ajiye alƙalami tana salati, wai fetur. Na sani! Ai ba wuta nake sa mata ba, garwashi ne, kuma ina rufa masa toka. Ɗauki ki ci gaba.

Ga inda tsiyar take. Da ma tun farko na yi ta naci cewa Mai Sifana ya zo da sassafe ya ji da kunnensa kafin a ta da ita. Ya yi ta ja mini rai har na cire tsammani. Ashe sun shirya da Dogo ba su gaya mini ba. Rannan na jawo kasko ke nan sai na ji sallama a ƙofar gida, ga shi ya shigo da wani dogon sukudireba a hannu, ko wanke fuska bai yi ba. Ina zan kai kasko? Na tura shi bayan kujerata na zauna na baza zani. Aka buɗe bonet, aka kashe rediyo, kowa ya fito ya yi tsit. Ina zaune bayana na gasuwa ina roƙon Allah abu biyu a lokaci guda, ta yi ƙarar, kada kuma ta yi. Dogo ya murɗa. Ta tashi sumul kamar mage an shafa ta. Mai Sifana ya dafa bakin sukudireba a jikin inji, ya kafa kunnensa a ƙotar, ya matsa nan, ya matsa can, har ƙasa ya kwanta. Ya miƙa hannu ya taɓa cikinta. Na ce shi ke nan asirina ya tonu. Sai ya fito yana kaɗe riga, ya ce kowa ya zo ya taɓa ya ji, injin da ya gyara ko kwana ya yi da ɗuminsa yake tashi. Ka ji fa! Garwashina, gwiwata, gawayina, shi ya kwashe ladan. Sannan ya matso da sukudireban wajen kaina, wai bari ya saurari nan, ƙila a nan metal ɗin ya saki. Na so in tashi in ba shi amsa, amma in na tashi kasko zai bayyana. Haka na haɗiye, zanina ya ƙone har ya yi rami.

Yanzu magana ta mutu. Dogo ya ce zai kai ni a duba mini kunne, har na ji suna ƙus-ƙus da matarsa wai tsufa ne ya fara taɓa ni. Bayan haka akwai ranar da aka kwana ana ruwa, gawayina ya jiƙe ya ƙi kamawa, motar ta tashi a sanyinta. Ɗan nan, mutumin ya dawo, kuma ya daina ladabi. Da da yatsa yake yi, ranar da dunƙulen hannu ya yi. Ruwan shayina ya tafasa a kan risho, na zuba, na fara sha, bai daina ba. Na ƙwala wa Dogo kira. Daga banɗaki ya ce to Iya, ya ji, an gode. Bai ko leƙo ba.

Ga shi yanzu ya samu aikin kai kwanon rufi wani gari mai nisa, bayan duwatsu, hanyar duk hawa da gangara. Farkon mako mai zuwa zai tashi, kuma a hanya zai kwana. An ce can sanyinsu ya fi namu. Wa zai sa mata garwashi? Na ce ya tafi da ni in ga gari, ya yi dariya ya ce a ina zai ɗora ni, a kan kwanon? In na faɗi gaskiya, Dogo zai yi ihun da za a ji a bakin titi, a ce na so ƙone gida, a ƙwace mini kasko, a tabbatar da cewa na zare. In na yi shiru, ɗana zai hau dutse da mutumin nan a ƙarƙashinsa. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da nake so da kai biyu ne. Ka gaya mini mene ne wannan abin da ke ƙwanƙwasawa. Sannan ka rubuta a jaridarka, da manyan baƙaƙe, cewa masana sun gano garwashi na da amfani ga mota, kowane direba ya riƙa tafiya da kaskonsa. Dogo yana yarda da abin da aka buga. Ba sai ka ambace ni ba. In ka yi mini wannan, Allah ya ba ka masu jin maganarka, don mai ɗinki ta ce ta ji a gidanka ma ba kowa ke ɗaukar shawararka ba.

Ni ce,
Tsohuwa mai kunne, wadda aka ce ba ta da shi.

AMSA

Iya, na gaishe ki, na gaida gwiwoyi. Takardarki ta iso da rubutun hannu uku, na mai ɗinki sai da na nemi tabarau. Ki gaya mata labarin gidana da ta ji gaskiya ne, shi ya sa nake fitowa da shawarar waje.

Buƙatarki ta biyu ba za ta samu ba, ko da ƙananan baƙaƙe. Daga yau kasko ya yi ritaya. Ƙarƙashin motar nan akwai tiyon fetur, akwai baƙin mai da ke ɗiga, ita kuma kin ce tsohuwa ce. Toka ba ta hana tururin fetur kamawa. Hancin motar yana jikin tagarki, ke kuma ba mai gudu ba. A yanzu haka, abin da ya fi barazana ga a-kori-kurar Dogo ba mutumin cikin durom ba ne, mahaifiyar mai motar ce. Kada garin gyaran gira a rasa ido, a rasa gidan da idon ke kwana.

Amma kunnenki lafiyarsa ƙalau. Ni ba bakanike ba ne, don haka na kai takardarki wurin wani dattijo da ya tsufa a kan inji. Da ya gama dariya ya share hawaye, ya ce kin yi gwajin da ya dace ta hanyar da ba ta dace ba: kin tabbatar ƙarar ta sanyi ce. Ga bayaninsa. In mota ta kwana, baƙin mai yakan koma ƙasa ya yi kauri. Kafin ya hau ya zagaya, ƙarafa na gugar juna a bushe. In akwai wurin da ya yi sako-sako, a lokacin yake magana. Garwashinki yana tsinka man ne ya hau da wuri. Bai warkar da komai ba, bakin mara lafiyar kawai ya toshe.

Me ya yi sako-sako? Ya ce daga takarda ba mai iya rantsuwa. Yana iya zama abu mai sauƙi: filtar mai marar kyau, ko man da aka zuba bai dace da injin ba. Yana iya zama fistin ne bai cika gurbinsa ba sai ya ji zafi ya kumbura, irin wannan mota kan daɗe tana aiki da shi. Yana kuma iya zama famfon mai ne ya yi rauni, ko metal ɗin da aka sa, wato ƙarfen da sandar inji ke juyawa a kansa, bai zauna daidai ba, ko ba a ɗaure shi yadda ya kamata ba. Wannan na ƙarshen shi ne wanda mai gawayi ya ba ki tsoro da shi. Abu biyu a maganarki suka sa dattijon ya daina dariya: ƙarar daga ƙasa take, kuma tana ƙara ƙarfi da tsawo. Ya ce motar da ke haka bayan an sauke inji ba ta hawa dutse da kaya sai an duba ta. Ko da aikin zai wuce Dogo, gara ya wuce.

Dubawar ba wuya. Motar ta kwana a sanyinta, ba bargo ba kasko. Mai Sifana ya zo kafin a taɓa makulli, a kashe rediyo, a buɗe bonet. Dogo ya zuba ido a kan fitilar mai ta gaban sitiyari ya ga ko tana jinkirin mutuwa. Matarsa ta ɗauki ƙarar a waya, a huta da sa ki kwaikwayo. Daga nan a auna ƙarfin hawan mai, a juye shi a kwano mai tsabta a duba a rana. In an ga ƙyalli-ƙyallin garin ƙarfe a ciki, sai a buɗe ƙasan injin, ba gardama.

Yanzu bari in ɗan tsaya wa waɗanda kika kai ƙara. Mai Sifana yana da baki, wasan sukudireba a kan suruka kuma bai yi kyau ba. Amma mutumin da ya baro shimfiɗarsa da sassafe, ko fuska bai wanke ba, ya kwanta a ƙasa don maganar da yake ganin ba ta da tushe, ba mutumin da bai damu ba ne. Ya zo jarrabawa tsakani da Allah, ke kika sauya takardar. Dogo ma ya kai mota gareji, ya kawo gareji gida. Sau biyu suna saurara suna jin shiru. Me kike so su ce?

Don haka ba makawa sai kin faɗa, kuma kafin ranar tafiya, ba ana ɗaure kaya ba. In kika janye kasko a ɓoye kika ce a sake zuwa, ba mai zuwa. Ramin zanin nan ne kaɗai zai dawo da su. Ki tara su biyun, ki ajiye kaskon da zanin a gabansu. Ki fara da surukinki, ki ce kin ɓata masa bincike, kina neman ya sake. Mutumin da bai iya cewa na yi kuskure ba yakan samu sauƙin faɗa in babba ya riga shi. Kin kuma ba shi mafita: ba aikinsa aka kushe ba, ciwon aka ɓoye masa. Maganar ɗumin injinsa kuwa, ki bar ta. Dogo da 'yarki za su tuna masa har ya tsufa, ba sai kin sa baki ba. In ya ji ƙarar da kunnensa ya ce haka na zamani suke, to Dogo ya kai wa wani bakaniken. Zumunci ba ya riƙe mota a kan gangara.

Asibitin kunne kuma ki je abinki. Ba abin da za ki rasa, kuma in likita ya ce lafiya lau, kin samu shaida.

Dogo zai yi ihu, wannan babu shakka. Za a ji a bakin titi, mai ɗinki za ta kai sauran inda bai kai ba. Ki zauna ki sha shayinki ki bar shi ya yi. Wanda ke tsaye a tsakar gida yana yi wa uwarsa faɗa, ai yana gida. Abin da kika roƙa ke nan tun farkon takardarki.

Allah ya tsare Dogo a duk hanyar da ya hau, ya ba ki tsawon rai da lafiyar gwiwa. Garwashin kuma a mai da shi inda ya fi amfani.